Minti Huɗu a Kan Dutse: Yadda Gyaran Lilo Ɗaya Ya Ɗage Mana Tafiya Wata Huɗu

Tsakiyar Janairun 2025 ne, sanyi ya kora mu ɗaki da wuri. Ina cike takardun neman bizar Faransa a kwamfuta, Auta ya jingina da kafaɗata yana kallon bidiyon da ya kalla ya fi sau hamsin: wani jirgin ƙasa na wasa yana kutsawa cikin jan dutse, mutanen ciki suna ta ihu. Sunan abin Big Thunder Mountain, a Disneyland Paris yake. Gwaggonsa, ƙanwata da ke aure a birnin Lyon na Faransa, ita ta fara turo masa bidiyon, ita ce kuma ta yi masa alƙawarin in ya zo da kanta za ta ɗora shi a kai. Na buɗe shafin wurin don in ga kuɗin tikiti in saka a lissafina, sai idona ya faɗa kan wani ɗan rubutu a ƙarƙashin hoton jirgin. An rufe shi tun 6 ga Janairu don babban gyara, ba kuma za a buɗe ba sai farkon lokacin zafi. Ba a faɗi wata ba, balle rana.

Mu kuwa ƙarshen Maris muka tsayar.

Na rufe kwamfutar ban ce wa yaron komai ba. Abin da ya biyo baya ya ci mana mako biyu ana kai-kawo a waya tsakanin Kano da Lyon, kuma har yau ba dukanmu muka yarda an yi daidai ba.

Shirin farko

Mu huɗu za mu tashi daga Kano: ni, maiɗakina, babbar 'yarmu mai shekara 13, da Auta mai shekara 7. A Lyon ma su huɗu ne: ƙanwata, mijinta, da 'yan matansu biyu, mai shekara 9 da mai shekara 4. A shekarar hutun zango na biyu na makarantun Kano ya faɗo cikin azumi, daga ƙarshen Fabrairu har bayan ƙaramar Sallah. Sai muka ga faɗuwa ta zo daidai da zama. Mu tafi a goman ƙarshe, mu yi Sallah tare da ƙanwata wadda rabonta da yin Sallah da ɗan'uwa na jini an kwana biyu, a ƙarshen makon da ya biyo baya mu hau jirgin ƙasa mu je wurin wasan, mu dawo gida. Sallar ta kama Lahadi 30 ga Maris. Lokaci ne mai kyau ta fuskar aljihu, don hutun makarantun yankin Paris bai fara ba sai 12 ga Afrilu, na yankin Lyon kuma sai 19 ga wata, kuma tikitin wurin farashinsa yana hawa da sauka ne gwargwadon ranar da ka zaɓa.

Wanda ke zaune a Turai ba zai gane dalilin da ya sa ɗage tafiya irin wannan ya zama babban aiki ba. Biza ce ke ɗaure ka. Takardar neman bizar Schengen, wadda da ita ake shiga Faransa, tana son ranar shiga da ranar fita, da shaidar ajiyar kujerar jirgi, da inshorar lafiya wadda ba ta gaza Yuro 30,000 ba. Kuɗin bizar kansa Yuro 90 ne ga babba tun Yunin 2024, Yuro 45 ga yaro daga shekara 6 zuwa ƙasa da 12, kuma ba a mayarwa ko an ba ka ko an hana ka. Yuro ɗaya a lokacin ya haura naira 1,500. Ana iya miƙa takardu tun saura wata shida, kuma mai hankali da wuri yake miƙawa, ba a fafe gora ranar tafiya. Ke nan an tilasta maka ka tsayar da rana tun da nisa, alhali wurin da za ka je bai riga ya faɗi ranar da zai gama gyaransa ba. Nan gizo ke saƙar.

Me ake gyarawa har wata biyar?

Tambayar farko da maiɗakina ta yi ke nan, kuma a nan na ɗan fi ta sani, don na yi shekaru a sashen kula da injuna na wata masana'anta a Bompai. A can duk shekara akwai lokacin da muke kashe komai, a kwance inji, a canza boris, a sa giris, a duba walda. Masu sayen kaya su yi ta ƙorafi, mu kuwa mun san injin da aka hana hutu da rana shi ke ɗaukar hutunsa da kansa a ranar da ba a so.

Yawancin wuraren lilo na Turai haka suke yi. Parc Astérix da ke arewacin Paris, alal misali, yana rufe ƙofa bayan bukukuwan ƙarshen shekara, ya sake buɗewa wajen Afrilu, a tsakanin nan ma'aikata su yi aikinsu babu mai leƙensu. Disneyland Paris ba ya samun wannan sararin. Tun da aka buɗe shi ranar 12 ga Afrilun 1992 a Marne-la-Vallée, kilomita 32 gabas da Paris, kullum a buɗe yake, rani da damina, in ban da irin lokacin annobar korona. Sama da mutum miliyan 15 ke shiga wuraren wasansa biyu a shekara. Wurin da ba ya rufe ƙofa dole ya riƙa rufe cikinsa gunduwa-gunduwa. Shi ya sa da wuya ka je ka tarar komai da komai yana aiki, kuma shi ya sa manyan gyare-gyare suka fi farawa a Janairu, bayan an watse daga hidimar Kirsimeti, sanyi ya rage baƙi.

Ba kuma ganin dama ba ce kaɗai. Faransa tana da dokar 13 ga Fabrairun 2008 kan lafiyar injunan lilo, wadda ta wajabta binciken ƙwararrun da hukuma ta amince da su lokaci-lokaci. Irin wannan jirgi a ido kamar wasa, amma kowane tarago yana riƙe da dogo ta fuska uku: tayoyi a sama masu ɗaukar nauyi, tayoyi a gefe masu hana shi zamewa a kwana, da tayoyi a ƙasa masu hana shi tashi in an zo gangara. Robar da ke jikinsu tana cinyewa. Akwai sarƙar da ke jan jirgin zuwa ƙololuwa, da haƙoran ƙarfe masu hana shi komawa da baya, su ne ke yin ƙarar nan ta kwas-kwas-kwas da ake ji in ana hawa. Shi kansa dogon ƙarfe ne, ƙarfe kuwa yana gajiya. Tsagar da za ta kawo matsala ba a ganinta da ido, sai an bi mahaɗa ɗaya bayan ɗaya da na'ura. Wasu ayyukan ana yin su da dare bayan an tashi, wasu kuwa ba yadda za a yi sai an tsayar da komai.

Big Thunder Mountain na Paris yana da ƙarin wahala da 'yan'uwansa na Amurka da Japan ba su da ita. Dutsen a tsibiri yake, tsakiyar wani tafki da aka haƙa. Tashar hawa tana bakin gaɓa, jirgin sai ya bi ta rami a ƙarƙashin ruwa ya ɓullo a tsibirin, ya gama zagayensa ya sake biyowa ta wani ramin. Duk mai aikin ƙarfe ya san abin da danshi ke yi wa ƙarfe. Kayan aiki ma sai an tsallaka da su. Da na fahimci haka ban ƙara mamakin wata biyar ba. Gyaran da aka yi masa kafin wannan, daga Nuwamban 2015 zuwa Disamban 2016, ya haura shekara.

Santimita bakwai

Da na kira Lyon, mijin ƙanwata dariya ya fara yi.

"Yaya, abin nan fa minti huɗu ne. Akwai lilo sun fi hamsin a wuraren biyu. Don guda ɗaya za a fasa Sallah?"

Maganarsa tana kan hanya, kuma da farko na kusa yarda. Abin da ya tsayar da ni tef ɗin tela ne. Washegari na tsayar da Auta a jikin ƙofar falo da takalminsa, na ɗora littafi a kansa, na ja layi da fensir. Santimita 113.

Kowane babban lilo a wurin yana da iyakar tsawo, a kan tsawon ake hukunci ba a kan shekaru ba. Big Thunder Mountain santimita 102 yake nema. Hyperspace Mountain, wanda ake harba mutum cikin duhu, 120. Wanda ke sashen Adventureland mai juya mutum ƙafa a sama, 140. Manyan jiragen gudu na babban wurin ke nan guda uku. Yaron da tsawonsa ya faɗa tsakanin 102 da 120 guda ɗaya tak zai iya hawa a cikinsu, kuma shi ne aka rufe. Ga yayarsa mai shekara 13, rufewar ragi ne na ɗaya cikin uku, ba za ma ta ji a jikinta ba. Ga 'yar ƙanwata mai shekara 4 da ba ta kai 102 ba, daidai yake da ba a rufe komai ba. Ga Auta kuwa duka ne aka ɗauke. Saura masa santimita bakwai ya kai na gaba, kuma ba yaron da ke yin wannan girma cikin wata biyu.

Wannan shi ne abin da na fi so mai shirin irin wannan tafiya ya ɗauka daga labarinmu. Jerin abubuwan da aka rufe ba ya gaya maka komai sai ka ɗora shi a kan mutanen da za ka tafi da su, ɗaya bayan ɗaya, da tsawonsu da abin da ya kawo su. Iyali biyu za su karanta sanarwa ɗaya, ɗaya ya ɗaga kafaɗa, ɗaya ya sake lissafi daga farko, kuma kowannensu yana da gaskiya.

Mijin ƙanwata bai saduda ba. Ya ce a wuri na biyu, wanda a lokacin ake kira Walt Disney Studios, akwai Crush's Coaster mai neman 107, da Tower of Terror mai neman 102, Auta zai iya hawa duka biyun. Haka ne. Sai dai shi ma wurin na biyu a lokacin gini ake ta yi a cikinsa, cikin aikin faɗaɗawa na Yuro biliyan 2 da aka sanar tun 2018. Katafaren zauren da ake bi a shiga an rufe shi tun Afrilun 2024, baƙi ta gefe suke ratsawa tsakanin katangun katako. Ga shi kuma ba su ne yaron ya shekara yana kallo ba. Ƙanwata ce ta yanke wannan zaren. Ta ce, "Yaya, ni na yi masa alƙawari da bakina. Ba zan tsaya da shi a bakin katanga ina nuna masa dutsen daga nesa ba." Alƙawari kaya ne.

A nan maiɗakina ta kawo wata dabara da na san iyaye da yawa suna yi: a saya masa takalmi mai tudu, a cusa auduga, ko zai kai 120. Na ƙi, kuma wannan kaɗai ne wurin da na ɗaga murya a duk maganar. Iyakar tsawon ba don a ƙuntata wa yara aka sa ta ba. Ƙarfen da ke danne mahayi an ƙera shi ne a kan wani girman jiki, in jiki bai cika shi ba akwai rata, ratar kuwa ita ce haɗarin. Na taɓa ganin abin da inji ya yi wa hannun wanda ya ɗaure makunnin kariya da waya don aiki ya yi sauri. Ban ƙara bayani ba, ita ma ba ta sake ɗauko zancen ba.

Ina za a mayar da ranar?

Ƙarshen Afrilu ya faɗi tun kafin a tattauna shi: yaran Lyon suna hutu daga 19 ga Afrilu zuwa 5 ga Mayu, namu sun koma aji, jirgin kuma yana rufe. Saura biyu, ƙarshen Yuni ko ƙarshen Yuli.

Yuni ya fi jan hankali. Babbar Sallah ta kama 6 ga wata, an gama hidima, makarantun Faransa ba su tashi ba sai 5 ga Yuli, saboda haka cunkoso bai kai maƙura ba, kujerar jirgi ma da ɗan sauƙi. A Turai kuma lokacin zafi a kalanda yana shiga ne wajen 21 ga Yuni. Mijin ƙanwata ya ce in ma sai an ɗage, to a tsaya nan.

Ni abin da ya hana ni shi ne na san yadda gyara yake. Kafin ka kwance inji hasashe kake yi, sai ka buɗe kake ganin gaskiya. Na bi tarihin wurin na ga ba ni kaɗai na san haka ba. Phantom Manor, gidan fatalwan da ke kallon dutsen daga kan tudu, an rufe shi a Janairun 2018, bai buɗe ba sai 3 ga Mayun 2019. Wani lilon kuma, It's a Small World, an rufe shi a Nuwamban 2021, sai 5 ga Mayun 2023 aka sake hawansa. Dukansu sun wuce lokacin da aka fara sa rai. Ban ɗauki wannan a matsayin laifi ba, gara a makara a buɗe abu mai lafiya. Amma darasin a fili yake: "farkon lokacin zafi" niyya ce, ba rantsuwa ba. Wanda ya sayi tikitin jirgi na mutum huɗu daga Abuja a kan niyyar wani, in ta goce, shi ya jiyo.

Sai na sa wa kaina ƙa'ida: in bar tazarar da ba ta gaza wata guda ba tsakanin lokacin da ake sa ran buɗewa da ranar da za mu je. Hakan ya kai mu ƙarshen Yuli, wanda ya zo daidai da dogon hutun yaranmu da na Lyon. Shi ne lokaci mafi tsada kuma mafi cunkoso a shekara. Na san haka na zaɓe shi.

Sauran dabarar a jerin sayayya take, kuma a nan ne nake ganin mun yi abin kirki. Abin da ba ya canzuwa cikin sauƙi, wato biza da jirgin sama, muka ba shi faɗi: mako uku cur, daga ƙarshen Yuli zuwa tsakiyar Agusta. Abin da ke canzuwa muka jinkirta shi. Tikitin wurin mai ɗauke da rana ana iya sauya shi ko a fasa har saura kwana 3, saboda haka ba mu saya ba sai da labari ya tabbata. Otal muka kama a Val d'Europe, tasha ɗaya daga wurin wasan a jirgin ƙasa na RER A, irin wanda ake iya fasawa ba asara. Da gyaran ya zarce, muna da mako uku na matsar da ranar a ciki. Da ya zarce har ya wuce Agusta, to wannan kuma sai haƙuri, mun yi iya namu.

Muka kuma yanke kwana biyu za mu yi a wurin, ba ɗaya ba. Dalili shi ne ba babban gyara kaɗai ke hana mutum hawa ba. Akwai ƙananan rufewa na kwana uku ko mako biyu da ke fitowa a kalandar shafin wurin 'yan watanni kafin lokacin, waɗanda sai ka riƙa komawa kana dubawa. Akwai kuma tsayawar da ba ta cikin kowace kalanda. Irin wannan jirgi an raba dogonsa zango-zango, ba a yarda jirage biyu su shiga zango ɗaya ba. Da na'ura ta ga abin da ba ta gane ba, ko an yi jinkirin sauke fasinja a tasha, ko iska da tsawa sun taso, birki ya kama ko'ina, sai an bi an duba kafin a ci gaba. Wani lokaci minti ashirin ne, wani lokaci rabin yini. Sharuɗɗan tikiti sun faɗa ƙarara cewa ana iya rufe kowane lilo, kuɗin shiga ka biya ba na wani lilo takamaimai ba. Wanda ya taso daga Kano ya ba kansa yini ɗaya, caca ya yi.

An sake buɗe Big Thunder Mountain ranar 21 ga Yunin 2025. Ƙanwata ce ta turo mini hoton sanarwar, mijinta ya biyo da saƙon murya: "Yaya, ka gani ko? Da Yunin ma ta yi." Na ce masa ta yi, amma a Janairu ba wanda ya san za ta yi.

Ranar

Daga tashar Part-Dieu a Lyon zuwa Marne-la-Vallée–Chessy kusan awa biyu ne a jirgin ƙasa mai sauri na TGV, kuma tashar a bakin ƙofar wurin take, da ka fito ka ga masu binciken jaka. Talatar ƙarshe ta Yuli muka shiga, da hadari-hadari, har da ɗan yayyafi da safe. Guzurinmu burodi da ƙwai da dabino. Kilishin da maiɗakina ta so tahowa da shi a Kano muka bar shi, don Tarayyar Turai ba ta yarda matafiyi ya shigo da nama ba.

Tun a otal na buɗe manhajar wurin na ga jirgin yana cikin masu aiki. Ana buɗe ƙofa muka miƙe titin shiga, muka karya hagu zuwa Frontierland, sashen da dutsen yake, ba tare da mun tsaya hoto ba, abin da ya ɓata wa 'yan matan rai. Ba mu kaɗai muka yi wannan tunanin ba, rabin jama'ar can suka nufa, ga kuma baƙin otal-otal ɗin Disney da ake bari su riga kowa shiga.

A bakin layi akwai sandar awo. Auta ya je ya tsaya da kansa tun kafin a ce masa, ya miƙe wuya kamar soja. Ma'aikaciyar ta dube shi ta yi murmushi ta ɗaga masa hannu ya wuce, ya ba sandar rata mai yawa. 'Yar ƙaramar ce aka auna da gaske, ta gaza da ɗan yatsa, ta fashe da kuka. A nan muka yi amfani da tsarin da suke da shi na musaya: uwarta ta fara hawa da mu, ubanta ya tsaya da ita, da muka sauko shi ya hau ba tare da ya sake bin layi ba.

Layin ya ci mana wajen minti arba'in, yana zagaye cikin wani gini na katako mai kamar ofishin mahaƙa ma'adinai, fitilu da tsofaffin kayan aiki rataye. Ni ido na yana kan dogo da fentin da bai tsufa ba, hali zanen dutse. Jirgin mutum 30 yake ɗauka. Ƙanwata ta zauna da Auta a gabana, aka danne ƙarfen cinya. Tashin farko babu gargaɗi: jirgin ya sulala cikin rami, duhu ya rufe, iska mai sanyi da warin danshi suka bugi fuska, ka san ruwa ne a saman kanka. Sai kwas-kwas-kwas na sarƙa, sai haske, sai ga mu a tsibiri ana gangarawa ana kwana. Na ji muryar ƙanwata tana salati da ƙarfi, ita da ta yi alƙawarin. Auta bai yi ihu ko sau ɗaya ba, ya ƙanƙame ƙarfen, bakinsa a buɗe. A hawa na uku aka yi wasan fashewar nakiya da wuta da hayaƙi, daga nan jirgin ya zuba cikin ramin dawowa da gudun da ya fi na ko'ina, wajen kilomita 65 a awa.

Da aka tsaya ya juyo ya ce, "Abba, Gwaggo ta ji tsoro." Sannan ya ce a sake.

Sau uku ya hau cikin kwana biyun, na ƙarshe da dare, bayan magaribar da ba ta faɗi ba sai wajen tara da rabi. Hyperspace Mountain kuwa ya raka yayarsa har bakin ƙofa ya dawo da kansa. A gida mun auna shi kafin mu taso, 116, ya san saura huɗu.

Abin da ɗagewar ta ci

Kujerun jirgi sun fi na Maris tsada nesa ba kusa ba, tikitin shiga ma haka. Kowane layi ya fi tsawo, har a rana ta biyu na saya wa yara izinin tsallake layi na Premier Access a Crush's Coaster, kuɗin da ba ya cikin lissafina na Janairu. Babbar asarar kuwa ba ta kuɗi ba ce. Ƙanwata ta sake yin Sallah ita da mijinta da 'ya'yanta kaɗai, mun gaisa ta bidiyo tana share ido. Maiɗakina har gobe cewa take da an bi tata da an yi Sallar, a kai yaron wasu lilon, yaro ne, zai manta.

An samu riba ta gefe. Zauren shiga na wuri na biyu an buɗe shi ranar 15 ga Mayu da sabon suna, World Premiere, ba mu bi ta lungu ba. Yaran gida biyu sun yi mako uku tare suna hutu, maimakon 'yan ranakun ƙarshen mako da za su samu a Afrilu. Amma kada in yi wa kaina ƙarya, ba don su muka ɗage ba, daga baya muka tsince su.

Nawa hukuncin bai canza ba, sai dai yana da iyaka. Da Auta ya kai 120 a Janairu, ko da bai kai 102 ba, da ban motsa ranar ko da kwana ɗaya ba. Da kuma a Lyon nake zaune, da maganar mijin ƙanwata ce daidai ɗari bisa ɗari. Ni da shi ba a kan jirgin muka saɓa ba, a kan nisa ne. Shi awa biyu ce tsakaninsa da dutsen nan. Ni biza ce, da jirgin sama, da tarin shekara biyu, kuma ban san ranar da zan sake haɗa su ba.

A Oktoba ƙanwata ta kira. Sun so su kai 'yan matan a hutun kaka, sai suka tarar an rufe lilon Ratatouille, na ɓeran nan mai girki, wanda babbar ta fi so, kuma aka ce sai 2026 za a buɗe. Na tambaye ta yaya za su yi. Na jiyo mijinta daga nesa yana cewa ta gaya wa Yaya sun riga sun sayi tikitin Asabar, ɓeran kuma sa gan shi in an buɗe.